Ruwan da ba ya kashe waya: yadda yake aiki da abin da ya sa ake neman rabuwa da shi

Duk mai yawan kallon bidiyo a TikTok ko YouTube da wuya bai taɓa cin karo da irin wannan ba. Za a ɗauko waya a kunne, ko injin kwamfuta a jone da lantarki, a nitsar cikin wani ruwa garai-garai kamar na famfo. Ba tartsatsi, ba hayaƙi, na'urar na ta aikinta. Da an tsamo ta, kafin a ƙirga goma ta bushe ƙayau kamar ba ta shiga komai ba. Wasu su ce siddabarun kyamara ne, wasu su ce ai wayar ce mai jure ruwa.

Sirrin yana cikin ruwan. Bahaushe yana kiran duk abin da ke zuba da suna ruwa, shi ya sa ake da ruwan batir wanda ba mai gigin kai shi baki. Wannan ma sunan kawai ya ara, domin babu ko ɗigon ruwan sha a cikinsa. Sinadari ne da ake haɗawa a masana'anta daga kabon da filorin. Sunayen kasuwa da ya fi shahara da su su ne Fluorinert da Novec na kamfanin 3M na Amurka, sai Galden wanda kamfanin Solvay na Beljiyam ya daɗe yana sayarwa a baya. Don sauƙin bayani, a kira shi ruwan filorin.

Batun ya wuce wasan bidiyo. Masana'antun da ke ƙera cif ɗin wayoyi sun dogara da shi, wasu manyan cibiyoyin adana bayanai suna tsoma kwamfutocinsu a ciki, amma duk da haka kamfanin da a da ya fi kowa yin sa ya sanar tun a 2022 cewa zai wanke hannunsa daga harkar. Dalilin amfaninsa da dalilin gudunsa kuwa abu guda ne: ba ya haɗuwa da komai, ba ya kuma lalacewa.

Me ya sa ruwa ke kashe waya tun farko?

Tataccen ruwa zalla ba ya wuce da lantarki sosai. Abin da ke wuce da lantarki shi ne gishiri da sauran ma'adinai da suka narke a cikinsa. Ruwan rijiya, na famfo, na leda, har gumin jikin mutum, duk suna ɗauke da su. Idan irin wannan ruwa ya kwanta a kan injin waya, sai ya zama gada tsakanin layukan da bai kamata su haɗu ba, wuta ta bi ta inda ba hanyarta ba, wani abu ya ƙone. Ko da wayar ta tsira a ranar, ruwan da ya maƙale zai ci gaba da cin ƙarfe a hankali, bayan mako guda ko biyu ta fara kashe kanta.

Ko an yi amfani da tataccen ruwa ma ba a tsira ba. Ruwa gwani ne wajen narkar da abubuwa, don haka yana taɓa ƙura da dalma da jan ƙarfen da ke jikin injin zai fara kwasar ma'adinai, nan da nan ya koma mai wuce da lantarki. Abin da injiniyoyi suka daɗe suna nema shi ne ruwa mai kwashe zafi, wanda ba ya wuce da lantarki, ba ya cin ƙarfe, ba ya kuma kamawa da wuta.

Akwai tsohon misali a kowace unguwa: tiransifoma. Wayoyin da ke cikinta a nitse suke cikin mai, man ne ke kwashe zafi yana kuma hana tartsatsi. Sai dai mai yana da kauri, yana bin jikin kaya da maiƙo, kuma idan zafi ya kai inda ya kai yana cin wuta. Ruwan filorin ya kauce wa waɗannan matsaloli uku.

Kabon da filorin: ƙullin da ba ya kwancewa

Fetur da kananzir da gas ɗin girki duk sarƙoƙi ne na kabon da aka jera wa haidurojin a jiki. Suna cin wuta ne saboda iskar oksijin tana iya fizge haidurojin ɗin cikin sauƙi. Idan aka cire haidurojin aka maye gurbinsa da filorin, sai a samu wani abu dabam baki ɗaya.

Shi kansa filorin mugun sinadari ne. Idan yana shi kaɗai, iska ce mai guba da ke afka wa kusan duk abin da ta taɓa. Masana da dama sun jikkata wajen neman tace shi kafin Bafaranshe Henri Moissan ya yi nasara a 1886, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1906. To wannan zafin naman nasa ne ke sa idan ya kama kabon ba ya saki. Ƙullin kabon da filorin yana cikin mafi ƙarfi a duk ilimin haɗa sinadarai. Ƙwayoyin filorin suna kewaye sarƙar kabon kamar sulke, babu ta inda wani sinadari zai kutsa.

Daga nan halayen ruwan suka samo asali. Ba ya wuce da lantarki. Ba ya kamawa da wuta. Ba shi da launi, kusan ba shi da wari. Ba ya gaurayuwa da ruwa, kuma zallarsa ba ta gaurayuwa da mai. Ya fi ruwa nauyi: lita guda ta samfurin FC-72 ta kai kusan kilo 1.7, shi ya sa idan aka zuba masa ruwan famfo, ruwan ne ke tasowa sama. Yana da tsinkewa ƙwarai, yana kutsawa cikin ramukan da ruwa ba ya iya shiga.

Ana kuma iya zaɓar zafin da zai tafasa, ta hanyar tsawaita sarƙar ko gajarta ta. FC-72 yana tafasa a digiri 56 a ma'aunin Salshiyas, FC-70 sai ya kai 215. Novec 7100 yana tafasa a 61, Novec 7000 kuwa a 34 kacal. Wato da za a ajiye wannan na ƙarshe a buɗaɗɗen kofi da rana a Sakkwato ko Agadas cikin watan Afrilu, da kansa zai tafasa ba tare da an hura wuta ba.

Daga bam ɗin nukiliya zuwa kwamfutar Cray-2

A 1938 wani masanin sinadarai na kamfanin DuPont mai suna Roy Plunkett ya gano robar da daga baya aka sa wa suna Teflon, wadda ake shafe kaskon suya da ita don kada abinci ya kama. Ita ma kabon da filorin ce, sai dai daskararriya. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, masu aikin ƙera bam ɗin nukiliya a Amurka sun buƙaci kayan da za su jure iskar yuraniyam mai cin ƙarfe da roba, sai aka zuba kuɗi a binciken wannan dangi na sinadarai. Wani malamin jami'a a jihar Pensilbaniya, Joseph Simons, ya ƙirƙiro hanyar haɗa su da ƙarfin lantarki. Kamfanin 3M ya sayi haƙƙin dabarar a shekarun 1940, ya fara yin su don kasuwa.

Abin da ya fito da ruwan fili a duniyar kwamfuta shi ne Cray-2, wadda injiniya Seymour Cray ya tsara, ta fito a 1985. Don ƙara mata sauri, Cray ya cusa allunan lantarkinta kusa da juna har babu sararin da iska za ta ratsa. Injin yana zuƙar wuta tsakanin kilowat 150 zuwa 200, kuma kusan duk wutar nan zafi take komawa. Mafitar da ya samo ita ce ya cika akwatin da Fluorinert, famfo yana zagaya da shi ta cikin allunan. Ana iya hango ruwan da kumfarsa ta jikin gilashi. Cray-2 tana lissafi kusan biliyan 1.9 a daƙiƙa guda, kuma tana sahun gaba a zamaninta. Manyan wayoyin yau sun ninka ta sau ɗaruruwa, da wutar da ba ta wuce ta ƙaramin ƙwan fitila ba.

Yadda yake kwashe zafi

Akwai abin da zai ba mai karatu mamaki a nan: wajen ɗaukar zafi, ruwan famfo ya fi ruwan filorin nesa ba kusa ba. Kilo guda na ruwa yana ɗaukar zafin da ya ninka na kilo guda na FC-72 kusan sau 4 kafin su yi ɗumi iri ɗaya. Wajen tafasa ma, ruwa yana kwashe zafin da ya ninka nasa fiye da sau 20. Fifikon ruwan filorin guda ne, ana iya zuba shi kai tsaye a kan cif ɗin da ke aiki. Don haka abokin gasarsa na gaskiya iska ce, kuma a nan ya yi mata fintinkau: lita guda tasa tana ɗaukar zafin da ya haura na lita 1,000 ta iska.

Ana amfani da shi ta hanyoyi biyu. A ta farko ruwan ba ya tafasa. Ana jera kwamfutoci a cikin tanki, famfo ya tura ruwan da ya ɗumama zuwa wani abu mai kama da lagireton mota, ya huce ya dawo. A ta biyu, ana zaɓar samfurin da ke tafasa a ƙaramin zafi. Da cif ya yi zafi, ruwan da ke jikinsa zai tafasa ya zama tururi ya tashi sama. A saman tankin akwai bututai masu sanyi, tururin na taɓa su sai ya koma ruwa ya ɗigo ƙasa, kamar yadda ake gani a murfin tukunya. Ba a buƙatar fanka, ba a buƙatar famfo a cikin tankin, kuma muddin ruwan na tafasa, zafinsa ba zai wuce inda yake tafasa ba.

Masu haƙar Bitcoin na cikin waɗanda suka fara rungumar hanya ta biyu da yawa. A 2015 kamfanin BitFury ya sanar da cibiya mai ƙarfin megawat 40 a ƙasar Jojiya, wadda ke amfani da Novec 7100. A watan Afrilun 2021 Microsoft ya nuna nasa tankin a cibiyarsa da ke garin Quincy a jihar Washinton, da ruwa mai tafasa a digiri 50. Kamfanin ya ce gwajinsa ya nuna raguwar kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na wutar da kowace uwar garke ke ci.

Abin da ya ƙara wa batun zafi shi ne ƙirƙirarriyar basira. Cif ɗin H100 na kamfanin Nvidia guda ɗaya yana iya cin wat 700, ya kusa kamo dutsen guga na lantarki. Kanta guda ta sabbin injinan kamfanin, mai tsayin firiji, tana cin kusan kilowat 120, kamar a kunna dutsen guga 120 a wuri guda dare da rana. Fanka ba za ta iya da wannan ba. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 cibiyoyin adana bayanai sun cinye kusan kashi 1.5 cikin 100 na wutar lantarkin duniya, kuma a tsofaffin cibiyoyi sanyayawa kaɗai kan ci sama da kashi 30 na wutarsu.

Inda ya haɗu da wayar hannu

Tun kafin waya ta iso kasuwa wannan ruwa ya yi mata aiki. A masana'antun cif irin na TSMC a Taiwan da Samsung a Koriya ta Kudu, ana sassaƙa layukan lantarki a kan faifan silikon da wata iska mai tsananin ƙarfi. Dole zafin faifan ya tsaya cak a inda aka tsara, in ya ɗan kauce layukan su karkace, cif ya tashi a banza. Wurin cike yake da lantarki mai ƙarfi, wani aikin kuma ana yin sa ne cikin sanyin da ruwa zai daskare. Shi ya sa ruwan filorin ne ke zagayawa cikin bututan waɗannan injina.

Ana kuma gwada kayan lantarki da shi. Wasu ƙananan kaya, musamman na jiragen sama da na asibiti, ana rufe su ruf don kada iska ta shiga. Don a gane ko akwai ɓula, sai a tsoma su cikin ruwan filorin mai zafi a duba ko kumfa za ta fito, kamar yadda mai faci ke tsoma tib a bahon ruwa. Akwai kuma hanyar liƙa kaya a jikin allo da tururi: a tafasa samfurin Galden mai tafasa a digiri 230, a saka allon cikin tururin kamar ana turara dambu, dalma ta narke ko'ina daidai, kuma zafin ba zai taɓa wuce 230 ba balle wani abu ya ƙone.

Sai wanki. A da, masana'antu suna wanke allunan lantarki da sinadarin CFC-113. Da aka gano yana cinye rufin ozon da ke kare duniya daga zafin hasken rana, Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina shi. Samfuran Novec da suka fito a shekarun 1990 na cikin waɗanda suka maye gurbinsa, domin suna wanke ƙura da maiƙo mara nauyi su bushe ba tare da barin tabo ba. Santsin da yatsa ke ji a fuskar sabuwar waya ma siririn shafe ne na dangin filorin, mai hana maiƙon hannu kamawa. Idan ya goge bayan an daɗe ana amfani, sai a ga sikirin na saurin yin dauɗa.

Wani abin da ake yawan ruɗewa a kai shi ne tallan wayoyi masu "sanyaya da ruwa". A mafi yawansu, abin da ke ciki siririn akwati ne na ƙarfe da aka rufe ruf da ɗan ɗigon tataccen ruwa, wanda ke zama tururi a kusa da cif ya je gefe ya huce. Ruwan ba ya taɓa injin. Sai a ƙarshen 2025 wayar wasanni ta RedMagic 11 Pro ta fito da ƙaramin famfo mai zagaya ruwan filorin ta wata siririyar hanya da ake iya gani a bayanta.

Ɓeran da ya yi numfashi a cikin ruwa

Wannan ruwa yana da wata baiwa da ba ta shafi lantarki ba: yana narkar da oksijin mai yawa, fiye da ruwa sau da dama. A 1966 masana biyu a Amurka, Leland Clark da Frank Gollan, sun nitsar da ɓeraye a cikinsa bayan sun cika shi da oksijin, ɓerayen suka ci gaba da numfashi, aka kuma tsamo su da rai. An nuna irin wannan da ɓera na gaske a fim ɗin The Abyss na 1989. Likitocin ido ma suna amfani da wani samfurinsa wajen tiyata. Idan tantanin bayan ido ya ɗaye, sai su zuba ruwan, nauyinsa ya danne tantanin ya koma wurinsa, bayan an gama a zuƙe shi.

Kowane allazi da nasa amanu

Abin da wuta ba ta ci, ƙasa ma ba ta cinsa. Ƙwayoyin halitta da ke ruɓar da ganye da gawa ba su iya kwance ƙullin kabon da filorin, hasken rana ma haka. Ruwa ne mai saurin bin iska, don haka duk lokacin da aka buɗe tanki ko bututu ya yi yoyo, wani kaso ya tafi sama. Sinadarin da ke cikin FC-72 yana daɗewa a sararin sama fiye da shekara 3,000, kuma kilo guda nasa yana riƙe zafi fiye da kilo 7,000 na iskar kabon da ke fita daga salansar mota. Tun a Yarjejeniyar Kyoto ta 1997 aka saka wannan dangi cikin iskokin da ke ɗumama duniya.

Kamfanoni sun yi ƙoƙarin gyarawa, ta hanyar barin wata gaɓa mai rauni a jikin sarƙar don ta karye a sama. Novec 649, wanda sinadarinsa guda ne da Novec 1230 da ake kashe gobara da shi a ɗakunan kwamfuta, yana tarwatsewa cikin 'yan kwanaki. Sai dai idan ya tarwatse yakan bar ƙananan gutsattsari masu filorin, waɗanda ruwan sama ke saukowa da su, su ma kuma ba sa ruɓewa. Tsugune dai ba ta ƙare ba.

Babbar matsalar ita ce dangin da ya fito daga ciki, wanda ake kira PFAS a taƙaice. Sinadarai ne dubbai, 'yan jarida suka yi musu laƙabi da "sinadaran har abada". Ba duka halinsu ɗaya ba. Ruwan sanyaya kwamfuta ba shi da guba sosai idan an taɓa shi. Waɗanda suka yi ƙaurin suna su ne PFOS da PFOA, da aka yi amfani da su a kumfar kashe gobara, da shafen hana tufafi jiƙewa, da wajen haɗa Teflon. Su suna narkewa a ruwan sha, su taru a jinin mutum su yi shekaru. Binciken hukumar lafiya ta Amurka ya samu PFAS a jinin kusan duk waɗanda aka gwada. A ƙarshen 2023 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka PFOA cikin abubuwan da ke haddasa ciwon daji. Yarjejeniyar Stockholm, wadda Najeriya da Nijar ke ciki, ta taƙaita PFOS a 2009, ta saka PFOA cikin jerin haramtattu a 2019.

Alaƙar ita ce masana'anta. A garin Zwijndrecht da ke kusa da Antwerp a Beljiyam, 3M yana da masana'antar da ta taɓa yin PFOS, kuma a da a nan ne ake yin kaso mai tsoka na ruwan sanyaya injinan cif. A 2021, lokacin aikin wata babbar hanya, gurɓacewar ƙasar yankin ta fito fili, har aka shawarci mazauna kusa da su daina cin ƙwan kajin gidajensu. Hukumomi suka tsaurara doka, a farkon 2022 aikin haɗa ruwan ya tsaya, masu ƙera cif a Asiya da Amurka suka shiga neman madadi cikin gaggawa. A watan Yulin shekarar kamfanin ya amince zai kashe Yuro miliyan 571 wajen gyara da biyan diyya.

Ranar 20 ga Disambar 2022, 3M ya sanar da cewa zai daina ƙera duk wani PFAS zuwa ƙarshen 2025, harkar da ke kawo masa cinikin kusan Dala biliyan 1.3 a shekara. Fluorinert da Novec na ciki. A watan Yunin 2023 ya amince zai biya aƙalla Dala biliyan 10.3 ga hukumomin ruwan sha na Amurka. A Turai kuma, ƙasashen Jamus, Holan, Denmak, Nowe da Suwidin sun gabatar da buƙata a farkon 2023 ta a taƙaita kusan sinadarai 10,000 na wannan dangi a lokaci guda.

Ina aka dosa?

Masu cibiyoyin bayanai suna da zaɓi. Wanda ya fi karɓuwa yanzu shi ne a ɗora farantin jan ƙarfe a kan cif, ruwa na bi ta cikin farantin a rufe ba tare da ya taɓa lantarki ba. Da wannan ake sanyaya manyan injinan Nvidia na baya-bayan nan. Masu son tsomawa kuma da yawa sun koma ga mai: Shell da Castrol suna sayar da tataccen mai na musamman, Cargill yana da wanda aka yi da man tsirrai. Sun fi araha, sai dai ba a yin tsarin tafasa da su, kuma ga maiƙo.

Masu ƙera cif ne ke cikin tsaka mai wuya, domin aikinsu na buƙatar duk halayen nan a haɗe, kuma sauya ruwa a irin waɗannan injina sai an yi dogon gwaji. Ficewar 3M ba ta kashe kasuwar ba. Chemours na Amurka, AGC na Japan, da kamfanonin Chaina irin su Juhua da Capchem suna yin nasu samfuran. Abin da ake jayayya a kai shi ne ko za a haramta su baki ɗaya, ko a bar su ga ayyukan da ba su da madadi, da sharaɗin rufe tankuna ruf da tace ruwan a sake amfani da shi.

Wannan muhawara za ta iso ƙasashe masu zafi. Ana ta gina cibiyoyin adana bayanai a Legas, akwai kuma ta Galaxy Backbone a Kano. Inda rana ke haura digiri 40, wuta ba ta tsayawa, dizal kuma da tsada, duk dabarar da za ta rage kuɗin sanyayawa za ta ja hankali. Tambayar da ya kamata a riƙa yi wa duk mai kawo irin wannan fasaha ita ce wane ruwa ne a cikin tankin, nawa ke bin iska a shekara, kuma wa zai kwashe shi idan ya gama aiki.

Kada a gwada a gida

Ganin bidiyo kada ya sa wani ya jefa wayarsa a duk wani farin ruwa da aka ce ba ya lalata kaya. Ko a cibiyoyin da ake tsoma kwamfuta, sai an shirya ta: a cire fankoki, a sauya man da ke tsakanin cif da ƙarfen sanyaya, a kuma guji faifan adana bayanai mai juyawa wanda ba a rufe shi ruf ba. Waya kuwa tana da kyamara, makirufo, lasifika da sikirin mai hawa-hawa, kuma tsinkewar ruwan filorin na sa ya kutsa tsakaninsu. Alamar IP68 da ke jikin wasu wayoyi ma ba ta da alaƙa da wannan. Ita gam da roba ne ke toshe ƙofofi, kuma suna saki idan wayar ta tsufa ko an taɓa buɗe ta.

Ga masu gyara, akwai gargaɗi guda mai muhimmanci. Ruwan filorin ba ya cin wuta, amma idan ya haɗu da harshen wuta, ko tartsatsin lantarki, ko zafin da ya wuce ƙa'idarsa, yana iya fashewa ya fitar da iska mai guba da ke ƙona huhu. Duk feshin wanke injin waya da aka saya, a karanta abin da ke jikin gwangwanin, a yi aiki inda iska ke ratsawa, a bari ya bushe kafin a kusanto da abin narka dalma. Sifirit ɗin da aka saba wanki da shi kuma yana cin wuta, don haka a cire batir tukuna.

Wayar da ta faɗa ruwan gaske, maganinta bai sauya ba: a kashe ta nan take, kada a jona caji, kada a tsaya binne ta a shinkafa, a kai wa mai gyara ya buɗe ya busar da ita tun ruwan bai fara cin ƙarfe ba.